Ranar da Aka Tare wa Iya Mufu Ƙofa

Gbenro ya gitta kekensa na guragu a bakin ƙofar, ya riƙe ƙyauren langa-langar da hannu ɗaya, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Yau dai ki yi haƙuri, Iya Mufu. Ba za ki shiga ba."

Silifatu ta ɗauka wasa ne. Shekara biyu da rabi ke nan tana zuwa wannan filin ɗaga ƙarfe na bayan garejin kanikawa a unguwar Molete, Talata da Alhamis da Asabar, ƙarfe bakwai na safe, ba ta taɓa tarar da ƙofar a tare ba. Ta ce masa ya matsa mata da wannan motar tasa marar inji, kafin ta sunkuce shi da ita gaba ɗaya ta ajiye a gefe. Da wata ranar ce da ya ƙyalƙyale da dariya ya rama. Yau ko murmushi bai yi ba.

Ƙasa-ƙasa ya ba ta labari. Jiya da yamma ɗanta Mufutau ya zo a mota, ya tsaya a tsakiyar fili mutane na kallo, ya tambayi wane ne mai wurin. Ya ce uwarsa shekararta hamsin da bakwai, in ya sake jin ta taka nan zai zo da 'yan sanda, in kuma wani abu ya karye a jikinta to Gbenro zai yi bayani a gaban alƙali. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi ta wajen mai gareji, wanda shi ne mai filin, ya maimaita masa.

"Wurin nan aro ne, kin sani," in ji Gbenro. "In mutumin nan ya ce in kwashe ƙarafuna, ina zan kai mutum arba'in?"

Ta leƙa ta saman kansa. Ga mai gidan burodin nan kwance a benci yana tura ƙarfe, ga 'yan acaɓa biyu, ga tsohon malamin makaranta da ya fara zuwa don ciwon sukari. Kowa ya sami abin da zai kalla wanda ba ita ba. Can a lungu sandar da ta saba ɗauka tana jingine da bango. Yau ne za ta ɗago kilo ɗari daga ƙasa sau biyar a jere, abin da ta yi sati shida tana haɗa wa jikinta.

"Da ya zo yana ɗaga maka murya, ka tambaye shi wa ya haifi wani tsakanina da shi?"

"Iya Mufu..."

"Kai da ka ɗaga wa jiha ƙarfe da ƙirjinka har aka rataya maka lamba. Yaro ya shigo da 'yar igiyarsa a wuya, shi ke nan ka zama lagwani. Ka ji kunya, Gbenro."

Bai matsa daga ƙofar ba. Ta saɓa jakarta ta juya.

Masu adaidaita sahu suka yi ta yi mata ham a bakin titi, ba ta kula su ba. A ƙasa ta kama hanyar Oke-Ado, tana tafe tana dukan kwalta da tafin ƙafa kamar ita ta yi mata laifi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne jiyan nan Mufu ya dawo gidan, ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta, ya cinye malmala biyu ta amala da miyar ewedu, har ya ce a Legas babu mai yin irinta. Ashe daga tozarta ta ya fito.

Ina yake lokacin da abin ya faru? Mijinta Raufu direban babbar mota ne, ƙaton mutum, wanda in ya shigo ɗaki sai ya sunkuya. Shekara huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙwace masa sai kalma ɗaya ɗaya. 'Ya'yan suka zo asibiti suka yi kuka, suka koma, matan biyu gidajen mazajensu a Ilori da Abekuta, Mufu kuma wurin aikinsa a Legas. Aka bar ta da mutum mai kilo tamanin da biyar da sai an tayar, an zaunar, an juya. Kafin shekara ta zagayo bayanta ya ƙage, ko ruku'u sai ta dafa gwiwa tana cije baki. Akwai ranar da Raufu ya zame mata a banɗaki da hantsi, mazan gidan duk sun fita nema. Awa biyu yana kwance a kan siminti, ta lulluɓe shi da zaninta, tana ja yana zamewa, har Allah ya kawo wani mai gyaran famfo. Ranar ta ga mijinta yana hawaye a gaban baƙo.

Matar da ke yi masa gashin ƙashi a asibiti ce ta gaya mata gaskiya: ko dai ta yi ƙarfi, ko kuwa nan gaba kaɗan su biyu za a riƙa kawowa a keke. Ita ta rubuta mata sunan Gbenro. Ranar farko ko sandar da ba a sa wa farantin nauyi ba ta gagare ta. Ya koya mata tsugunno da nauyi a kafaɗa, da turawa daga kwance, da ɗagowa daga ƙasa, yana ƙara mata kaɗan kaɗan, yana yi mata tsiya kamar ɗan cikinta. Yanzu buhun garin doya a shagonta na kasuwar Oje ita take saukewa da kanta. Ciwon bayan ya tafi, likita ya rage mata maganin hawan jini, in ta sa haƙarƙari a katifa barci take yi na gaske. Duk wannan Mufu bai tambaya ba.

Ta tarar da shi a falo yana shan koko da alala, waya a hannu. Ta yi jifa da jakar a gabansa har cokalin ya yi tsalle.

Ya miƙe ya fara gaisuwa, ta ce ya riƙe abarsa. Ta tambaye shi uban wa ya aike shi Molete. Ya ce ta zauna su yi magana cikin hankali. Ta ce a tsaye ta haife shi ko a zaune, ba ruwansa, ya ba ta amsa.

Sai ya miƙo mata wayar. Ita ce, da wandon motsa jiki a ƙarƙashin doguwar riga, ɗankwali ya zame, jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa, tana ɗago ƙarfe tana wani irin gurnani da ita kanta ba ta san tana yi ba. Wani ne a filin ya ɗauka ya sa a waya ba da saninta ba. Mufu ya ce mutum dubu nawa ne suka kalla. Ya ce a ofishinsu an gane ta, har an raɗa mata suna Alhaja Katafila. Mafi muni, gwaggon Basira, yarinyar da zai aura, ta tura hoton cikin zauren danginsu na waya tana tambaya ko wannan ce surukar. Ga shi jibi Asabar iyayen Basira za su zo gidan nan gaisuwar farko.

"Mama, sa'o'inki suna wajen zikirin mata, ke kina cikin 'yan acaɓa kina ihu kamar ana yanka sa."

"Ina zuwa zikiri ran Lahadi. Da kana zuwa gida da ka sani."

Ya ce tsoro yake ji mata, shekarunta sun ja, ƙashin mace ba na namiji ba ne, in bayanta ya ɓalle wa za a kama. Ya ce in don kula da Baba ne, ai magana ce ta a nemo wanda zai riƙa taimakawa. Ta ce an nemo har uku a baya, duk sun gudu cikin wata guda, shi bai ma san sunan ko ɗaya ba. Ya ce ita matsalarta ba ta son a gaya mata gaskiya. Ta ce shi kuma matsalarsa kunyar surukai ta fi masa uwarsa.

Ta dubi agogon bango. Takwas da rabi ta wuce, kuma ƙarfe goma ake jiran Raufu a asibiti. Ta jawo kujera ta zauna, ta harɗe hannuwa.

"To madalla. Tunda ka yanke cewa ni tsohuwa ce mai ƙashin kara, tsohuwa ta zauna. Na riga na yi masa wanka tun asuba. Shiga ka sa ubanka a keke ka kai shi mota."

Mufu ya ce wannan ai ba wani abu ba ne. Ya naɗe hannun riga ya shiga ɗakin. Daga inda take zaune tana hango su ta ƙofa. Raufu yana zaune a bakin gado inda ta jingine shi da matasai, yana bin su da ido, don duk abin da aka faɗa a kunnensa aka yi. Mufu ya kama hannun daman da ya mutu zai ja. Ta daka masa tsawa cewa zai goce masa kafaɗa. Ya saki, ya zura hannuwa ta ƙarƙashin hammata, ƙafafunsa a haɗe, bayansa a lanƙwashe kamar lauje.

Ta ga kuskuren tun kafin ya ɗaga. Ta ga kuma bai danne birkin keken ba. Bakinta ya buɗe zai faɗa, fushi ya rufe shi.

Ya ɗago uban har rabi. Keken ya sulale baya. Mufu ya yi wata 'yar ƙara, hannunsa ɗaya ya koma kan ƙugunsa, su biyun suka tafi ƙasa tare. Gwiwar hannun Raufu ta daki ƙarfen gado.

Ba ta san lokacin da ta iso ɗakin ba. Ta ture Mufu gefe, ta danne birki, ta zaunar da mijinta a ƙasa ta tanƙwashe masa ƙafafu. Ta zagaya bayansa ta tsuguna, ta ware ƙafa, ta rungumo ƙirjinsa ta haɗa da nata, ta ja numfashi ta cika ciki, ta danna ƙasa da dugadugai. Ya taso gaba ɗaya. Ta juya da shi a hankali ta zaunar a keke.

Fatar gwiwar hannun ta saɓule, jini na tsatstsafowa. Ta ɗauko auduga tana gogewa tana ce masa sannu, Baba Mufu, sannu. Raufu ya fizge hannunsa mai lafiya daga riƙonta, ya kawar da kai wajen bango. Bai kalli ɗan ba, bai kalle ta ba. Ta san abin da yake nufi. An mayar da shi buhun gwaji tsakanin uwa da ɗa, yana ji yana gani, ba bakin da zai ce kada a yi. Fushin da ta kwaso tun daga Molete ya juyo kanta, ya haɗu da na Mufu, ya zama ba ta san wa za ta fi tsana ba.

Ita ta sa Raufu a kujerar gaba, ta naɗe keken ta jefa a but. Mufu ya tuƙa a karkace, yana cije leɓe duk lokacin da suka faɗa rami. 

A asibiti matar gashin ƙashi ta karɓi Raufu, ta ga gwiwar hannun, ta tambayi garin yaya. Mufu ya buɗe baki, Silifatu ta riga shi ta ce laifinta ne, ta ga zai faɗi ta bari. Matar ta dube ta da kyau, ta dubi saurayin da ke dafe da ƙugu, ba ta ƙara tambaya ba. Ta tura keken ciki ta rufe ƙofa.

Suka zauna a dogon benci a baranda, da tazarar mutum biyu a tsakaninsu. Wata tsohuwa na ta rigima da mai kati a kan layi. Mufu ya yi ta juya mukullin mota a hannu, can ya ce shi bai san Baba ya yi nauyi haka ba. Ta ce bai ƙara ko kilo ɗaya ba, haka yake tun ranar da suka bar mata shi.

Sai ta ba shi wani labari. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Gbenro. A shekarar farko, wata rana da azahar, ta dama koko ta kawo wa Raufu. Hannunsa ya kaɗa ya zubar a jikinsa. Ta sake masa riga, ta sake damawa, ya sake zubarwa. A na ukun, bayanta na yi mata kamar ana soka wuƙa, ba ta yi barcin kirki ba kusan sati, sai kawai ta ji hannunta ya sauka a fuskarsa. Mutumin da ba zai iya tarewa ba, ba zai iya kai ƙara ba. Ya kalle ta kawai. Ta fita ta zauna a dokin ƙofa da gyale a kafaɗa, tana tunanin ta hau motar Ilori ta tafi inda ba za a sake jin labarinta ba.

"Tun ranar da na fara taɓa ƙarfen nan ban sake ɗaga masa ko murya ba," in ji ta. "Ihun nan da kake jin kunyarsa a waya, da a kan ubanka nake sauke shi. Yanzu ka zaɓa inda kake so in kai shi."

Mufu ya daina juya mukullin. Idanunsa suka kaɗa, ya sa bayan hannu ya goge. Ta ɗauka zai ce wani abu mai ma'ana. Da ya buɗe baki sai ya ce to yanzu me zai gaya wa mutanen su Basira.

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi, har ya matsa.

"Ka gaya musu uwarka tana ɗaga kilo ɗari. In 'yarsu ta yi sa'a, ranar da ka shanye ita ma za ta iya ɗaga ka."

Ya ce subhanallahi, wane irin baki ne wannan. Ta ce ba baki ba ne, ubansa ma bai aika wa ciwon takardar gayyata ba.

Sha biyu saura aka fito da Raufu, an liƙa masa filasta. Da suka zo mahaɗar da ake karyawa zuwa gida, Silifatu ta ce daga kujerar baya a miƙe Molete. Mufu ya ce rana ta yi, Baba ya gaji. Ta ce a gaban mutane ya je ya ci mutuncin Gbenro, a gaban mutane zai je ya gyara, ita ba ta karɓar haƙurin falo. Ya rage gudu yana neman hanyar kaucewa, ya sa sigina zai karya gida.

Raufu ya ɗaga hannunsa na hagu ya buga gaban motar da ƙarfi har akwatin takardu ya buɗe. Ya nuna titin Molete da yatsa. Bakinsa ya yi ta kokawa kafin kalmar ta fito.

"Je."

Mufu ya kashe siginar.

Suka faka a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban garejin, daidai inda ake hango cikin filin. Mutanen safe sun watse, sai wasu direbobi uku da ke zuwa da rana, da kanikawa da suka bar aiki suka zuba ido da suka gane motar jiya. Mufu ya fita da ƙyar, yana tafe a karkace kamar ƙofar da ta rasa maƙale ɗaya. Ya fara zuwa wajen mai gareji, sannan ya tsaya a gaban Gbenro ya rusuna iya inda bayansa ya yarda. Ba ta ji duk abin da ya faɗa ba, amma ta ji babu 'yan sanda a ciki. Ta ji kuma ya roƙa a daina ɗaukar uwarsa a waya.

Ta fito daga motar ta ce wannan kam ya yi gaskiya, kuma duk ranar da ta gano wanda ya ɗauke ta ba izini, shi za ta sa a kan sandar a madadin faranti. Direbobin suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Gbenro ya janye kekensa daga ƙofa yana cewa ta yafe masa. Ta ce ba yau ba, shi ma yana cikin layi.

Ta buɗe wa Raufu ƙofar mota don iska ta shiga, ta gyara masa matashi, ta ba shi ruwa. Ya sha, har yanzu bai dube ta ba, amma bai fizge hannu ba. Ta gaya wa Mufu cewa ran Asabar ƙarfe bakwai tana nan, saboda haka ya sanar da surukansa su zo sha ɗaya, kuma shi zai zauna da ubansa har ta dawo. Bai musa ba.

Ta kwance gyalenta ta ɗaure ƙugu da shi tamau, ta tuɓe takalman fita ta ajiye a gindin bishiya. Da kayan da ta je asibiti da su a jikinta ta nufi ƙofar. Mufu ya biyo ta taki biyu, ya tambaya ko za ta daɗe.

"Minti arba'in. In ya nemi fitsari, robar tana ƙarƙashin kujera."

Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo.

"Kada ka ɗaga shi. Ka kira ni."